Zuwa Ƙasar Zuru: Majami'ar da Tela da Manoma Suka Kafa

Mai zuwa Zuru daga Birnin Kebbi sammako yake yi, domin a wannan zamani babu direban da ke son dare ya riske shi tsakanin Koko da Dabai. Ana idar da sallar asuba muna tasha, ni da abokin aikina da ya gayyace ni bikin godiyar kaka a majami'ar Baftis ta ƙauyensu. Ni ɗan Wusasa ne, a Angilika na tashi, aiki ya kawo ni Kebbi. Abokin nan ya daɗe yana ce mini in ina son jin tarihi in zo tun tsofaffinsu na da sauran numfashi.

Muka wuce Kalgo, a Jega aka ƙara fasinja da buhunan albasa, muka bi ta Maiyama har Koko. Nan aka bar titin Yawuri aka karya hagu, hanyar Mahuta. Daga nan ƙasa ta fara sauya kama. Shimfiɗaɗɗun fadamun shinkafa suka koma baya, duwatsu suka fara leƙowa, ga kaɗanya da ɗorawa a tsakiyar gonaki, ga dammunan dawa an jera a bakin hanya ana jiran amalanke. Shingayen jami'an tsaro da na 'yan sa-kai ba su ƙirguwa. A kowane sai direba ya rage gudu, a leƙo, a gaisa, a ce Allah ya kiyaye hanya, kuma kowa a motar da gaske yake amsa amin.

A Zuru muka ci tuwon dawa, muka hau kabu-kabu. Masarautar Zuru ƙananan hukumomi huɗu ne: Zuru, Fakai, Sakaba da Danko-Wasagu. Ƙasa ce ta Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, da Dukawa da Fakkawa da Kambari da sauransu, kowa da harshensa, Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da masallaci da majami'a. A gida guda sai ka tarar da Musulmi da Kirista uwa ɗaya uba ɗaya. Wanda ya ɗauko ni a babur Musulmi ne, da na faɗi inda za ni sai ya ce ai gwaggonsa ce ke jan waƙa a zumuntar mata ta can.

Abin da na fara gani a harabar majami'ar shi ne ƙararrawarsu: tsohon ƙarfen ƙafar babbar mota, an rataye shi da sarƙa a reshen tsamiya. Gefen da ake duka ya lotsa, ya yi sheƙi saboda shekaru. Ginin kansa na bulo ne da rufin kwano, ba silin, tagogin katako, an yi masa farar ƙasa saboda biki. A bayansa akwai guntun bangon jar ƙasa da bai wuce gwiwa ba, ciyawa ta rufe shi. Abokina ya ce kada in raina shi, shi ne majami'a ta biyu.

Da yamma aka kai ni wurin tsohon dikin, wato dattijo mai taimaka wa fasto, wanda ya fi kowa shekaru a ikilisiyar. Idanunsa sun yi rauni, amma ƙwaƙwalwarsa garau. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, wane Bature ne ya kafa muku majami'a?"

Ya ce, "Ɗana, Bature bai taɓa kwana a garin nan ba. Tela ne."

Wani Bayarabe ne mutumin Ogbomosho, mai keken ɗinki da tallan yadi, yana bin kasuwanni, har ya ga wuri ya yi masa ya zauna. Ran Lahadi ba ya taɓa keke. Sai ya share rumfarsa, shi da matarsa da yaransa su yi waƙa da Yarabanci, yaran gari su taru suna kallo. Baba yana cikin yaran. Ya ce ba su jin ko kalma ɗaya, muryar ce ke jan su. Wanda ya buɗe musu ƙofa wani ɗan garin ne da ya dawo daga aikin soja bayan yaƙin Bama (Burma) na yaƙin duniya na biyu, ya koyo karatun boko, ya kuma zo da Littafi Mai Tsarki na Hausa a cikin akwatinsa. Tela ya san addu'a da tsarin sujada, tsohon soja ya san Hausa da C'lela, harshen Dakarkari. Haka suka raba aiki, a gindin tsamiyar nan da ƙararrawa ke rataye yau.

Labarin ya dace da abin da na sani na yadda Baftis ta shigo Arewa. Thomas Bowen, mishan na farko da Baftis ta kudancin ƙasar Amurka ta aiko, ya sauka ƙasar nan a 1850, ya isa Ogbomosho a 1855, garin ya zama cibiyarsu. A 1914 aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu a Ibadan. Amma a lokacin mulkin Turawa an taƙaita wa mishan shiga ƙasashen sarakunan Musulunci, don haka ba su ne suka fara kawo ta nan ba. 'Yan kasuwa da teloli da ma'aikatan jirgin ƙasa Yarabawa ne suka taho da ita a cikin kayansu, duk inda suka yada zango suka kafa wurin sujada. A Zuru kuwa, mishan ɗin da suka fara zama tun shekarun 1920 su ne waɗanda ikilisiyarsu ake kira UMCA (United Missionary Church of Africa) yau, kuma har yanzu ita ce sananniya a yankin. Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa ya fito a 1932, kuma mutanen garinmu Wusasa na da hannu a aikin. Da Baba ya ce irinsa tsohon sojan ya zo da shi, sai na ji kamar na tarar da ɗan'uwa a baƙon wuri.

Ba a sha da daɗi ba da farko. Iyaye suka ga 'ya'yansu na ƙin zuwa wurin tsafi, suna ƙin burkutu, suka ji tsoron za su watsar da golmo, noman da saurayi ke yi wa surukansa shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Baba ya ce mahaifinsa ya hana shi tuwo, ya kore shi, ya koma kwana a rumfar tela. Abin da ya kwantar da hankalin dattawa, in ji shi, shi ne da suka ga masu bi ba su bar fartanya ba. "Mun yi golmo kamar kowa, har mun fi kowa sammako. Giya kawai muka ce ba ma sha, sai a dama mana kunu." A ganina wannan hikimar ce ta sa majami'ar ta zauna. Da sun yi fito-na-fito da komai na iyayensu, da tela na tashi ita ma ta tashi.

Majami'a ta farko rumfar zana ce, gobarar daji ta cinye ta. Ta biyu ita ce ta jar ƙasa, mata suka ɗebo ruwa, maza suka taka ƙasa, wani maƙwabci Musulmi ya ba su azara daga giginyar gonarsa. Baba bai riƙe shekaru da lamba ba, da abin da ya faru yake auna su. An gina ta jar ƙasar zamanin Sardauna. Tela ya koma gida ana dab da yaƙin basasa, daga nan sujada ta koma Hausa zalla. An sa kwanon farko shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, wato 1973, da kuɗin dawar gonar ikilisiya da suka noma da gayya. Fastonsu na farko ɗan ƙasar ne da suka tara masa kuɗin mota ya je makarantar fastoci ta Baftis da ke Kawo a Kaduna, wadda aka buɗe a 1948 don horar da masu wa'azi da Hausa. Albashinsa dawa ne da doya da ɗan abin da aka samu a baiko.

Magatakardan ikilisiya ya ɗauko mini rajistar baftisma daga cikin akwatin ƙarfe, an naɗe ta a leda. Gara ta cinye shafukan farko, ta bar gefe kamar an yanka da almakashi. Sunayen da suka rage an rubuta su da alƙalamin tawada, kowane da sunan gargajiya a gaba, sabon suna a baya, da unguwar da mutum ya fito. Baftis ba sa yi wa jarirai baftisma kamar yadda aka yi mini. Sai mutum ya mallaki hankalinsa, ya shiga aji, ya furta bangaskiyarsa da bakinsa, sannan a nutsar da shi cikin ruwa ɗungurungum. Shi ya sa kusan duk kwanakin da ke rajistar na ƙarshen damina ne, lokacin da rafin bayan gari ke da ruwa har ƙugu. Zuciyata ta sosu da na ga wannan littafi ɗaya da bakin tsoho ɗaya su ne duk abin da ke riƙe da tarihin mutanen nan.

Ran Lahadi tun da hantsi aka buga ƙarfen. Majami'a ta cika har waje. Zumuntar mata suka shigo da anko, ana buga tulu da ganga da kacau-kacau, kowane gida ya shigo da nasa: damin dawa, ƙwaryar gyaɗa, ridi, kaji, wata tsohuwa da ƙwai a cikin ƙoƙo. Aka tara a gaban bagadi har ya kusa rufe fasto. Na lura da wasu bencina a baya da mutanensu suka fito rawar godiya hannu wofi. Abokina ya raɗa mini cewa 'yan gudun hijira ne daga ƙauyukan wajen Danko-Wasagu da 'yan bindiga suka tayar. Har da masu bi na wani ƙaramin wurin wa'azi da wannan majami'a ta haifa, wanda yanzu yake kulle, gonakinsu ba mai iya zuwa.

Bayan sujada aka zauna taron ikilisiya, abin da ban saba gani ba. A wurinmu bishop ke da ta cewa a manyan al'amura. A Baftis kowace majami'a ke yanke wa kanta shawara, duk mai baftisma na da ƙuri'a, mace ko namiji. Maganar ita ce me za a yi da amfanin da aka kawo. An daɗe ana tara niyyar sa silin, domin da bazara kwanon nan ba ya zaunuwa. Wani matashi ya tashi ya kawo lissafin kafinta dalla-dalla, kuma gaskiyarsa ce. Sai shugabar mata ta miƙe ta ce, "Fasto, da dattawa, ku gafarce ni. Zafin kwano mun saba da shi. Yaran da ke kwana a ajin makarantar Lahadi fa, me za su ci kafin wata kakar?" Aka yi ta ja-in-ja cikin ladabi, wasu da Hausa, tsofaffi da C'lela ana fassarawa. Fasto bai sa baki ba sai da ya ce a ɗaga hannu.

Aka amince a zuba hatsin a rumbun ikilisiya a riƙa auna wa baƙin da tiya duk mako, a sayar da kaji da ridi a ajiye kuɗin don silin. Matashin nan da kansa aka ɗora wa riƙon littafin rabo, ya karɓa. Kafin a tashi magatakarda ya nemi izinin ɗaukar muryar Baba a waya da hoton kowane shafi na rajistar, aka ba shi, ni kuma na ɗauki alkawarin buga abin da aka naɗa a kwamfuta in aiko musu. Washegari da sassafe muka hau kabu-kabu zuwa Zuru don mu sami motar farko ta Birnin Kebbi.