Abin da allon aljabra ya koya mini

Yawancin ɗaliban da nake yi wa darasin lissafi da yamma, masu shirin WAEC da NECO, sun iya lissafi. Ka ce wa yarinya mudu bakwai a naira dubu ɗaya da ɗari biyu nawa ne, kafin ka rufe baki ta ba ka amsa. Amma da zarar harafi ya shigo cikin lambobi sai jikinta ya yi sanyi. Da na zauna da su na lura cewa ba wurin tarawa ko ɗebewa suke faɗuwa ba, tun wurin karanta abin da ke kan allo ake barin su a baya.

Ɗauki 4x³ − 2x + 7. Wannan shi ake kira folinomiyal, kuma gaɓoɓi uku gare shi: 4x³, da −2x, da 7. Harafin x lamba ce da ba a bayyana ba, tana iya sauyawa. Lambar da ke gabansa, kamar 4 ɗin nan, tana faɗin sau nawa aka ɗauke shi. 'Yar ƙaramar da ke bisa kansa kuwa tana faɗin sau nawa ya ninka kansa, kuma mafi girmanta ita ce darajar folinomiyal ɗin, a nan 3. Bakwai ɗin ba ta da harafi, don haka ba ta motsi. Abin da na fi nanatawa shi ne alamar ɗebewa ta gaɓar ce, tare suke tafiya. Gaɓa ta biyu −2x ce, ba 2x ba. Yaron da bai riƙe wannan ba zai yi ta zubar da maki har ranar jarrabawa, bai san ta inda suke zuba ba.

Akwai wata damuwa da ban taɓa gani a littafin koyarwa ba, sai a fuskar ɗalibai. Idan aiki ya ƙare a 3x + 2, ba sa yarda an gama. Wani yaro ya taɓa ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai ba a ƙarasa ba, ga alamar tarawa nan." Tun firamare an saba masa cewa amsa lamba ɗaya ce tak, shi ya sa yake matse su ya rubuta 5x don hankalinsa ya kwanta. Malamai da yawa kan warware wannan da cewa buhun gero uku da buhun masara biyu ba sa zama buhu biyar na abu guda. Misalin yana aiki a ranar farko, amma ni na daina dogara da shi, domin yana sa yaro ya ɗauka x wani kaya ne. Ran da aka zo x sau x sai a rasa abin faɗa, tunda ba a ninka buhu da buhu.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne gwaji da lamba. Duk wanda ya ce mini (a + b)² daidai yake da a² + b², ba na gardama da shi. Sai in ce ya sa 3 da 4. Gefe ɗaya ya ba shi 49, ɗayan 25. Ina 24 ta shiga? Daga nan sai mu zana fili mai kusurwa huɗu, kowane gefe tsawonsa a + b, mu yanka shi gida huɗu. Ga a² a lungu ɗaya, ga b² a ɗaya lungun, ga kuma filaye biyu masu girman ab da ya manta da su. Da idonsa yake ganin 2ab ɗin. Sai dai a kula da lambar gwajin: 1 ba ta tona kuskure sosai, domin x da x² duk 1 suke bayarwa, haka ma 2 tana rufa wa mai rikita 2x da x² asiri. Na fi son 3, ko 10.

Goma tana da wani daɗi na daban. Ninka (x + 3) da (x + 2), za ka sami x² + 5x + 6. Yanzu sa 10 a madadin x: 13 sau 12 ke nan, amsa 156. Dubi lambobin, 1 da 5 da 6, su ne dai na gaban gaɓoɓin. Ashe ninkawar da suka yi ta yi tun aji huɗu na firamare ninka folinomiyal ce, ba a dai gaya musu ba. Duk ajin da na nuna wa wannan sai an sami wanda ya ce, "Kai!"

Ɗebewa kuwa ba ta da wata dabara sai haƙuri. A (5x² + 2x − 1) − (3x² − 4x + 6), alamar da ke gaban baka ta biyu tana juya duk abin da ke ciki, ba na farko kaɗai ba. Amsa 2x² + 6x − 7. Ina sa su rubuta layin juyawar daban, ko da suna ganin ɓata takarda ne.

Wani lokaci nakan karanta musu tambaya ba tare da harafi ko ɗaya ba, yadda Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ya yi a Bagadaza wajen shekara ta 820, zamanin Halifa Ma'amun. Littafinsa na aljabra babu x a ciki, da zance ya rubuta komai, kuma babban ɓangarensa kan rabon gado da wasiyya ne. Sanannen misalinsa a rubutunmu na yau shi ne x² + 10x = 39. Ya ce a raba goma gida biyu, a sami 5, a ninka ta da kanta, 25, a tara da 39, ya zama 64, tushensa 8 (lambar da in ta ninka kanta za ta ba da 64), a ɗebe 5, saura 3, ita ce x. Haruffan x da y da muke fama da su sai a 1637 René Descartes ya yaɗa amfani da su a wannan siga, alamar daidai (=) kuwa Robert Recorde ne ya shigo da ita a 1557. Ɗaliban da suka yi Islamiyya, musamman waɗanda suka taɓa karatun gado, sukan gyara zama idan sun ji haka.

Shi ya sa kafin kowa ya taɓa biro nake sa shi ya karanta tambayar da baki, da Hausa, ya faɗi gaɓa nawa ce, wace alama ke tare da kowacce, waɗanne ne iri ɗaya. Yana cin kusan minti goma a darasin awa ɗaya, kuma wasu iyayen sun fi son su ga an cika littafi da aiki. Na kan nuna musu takardun gwajin 'ya'yansu na wata biyu a jere, su kwatanta da kansu.