Beben fiyano

Shekara huɗu na yi ina kiɗa da fiyanon Yamaha kafin hannuna ya taɓa kwantirola, wato na'urar madannai da ake jonawa a kwamfuta a buga kiɗa. A situdiyon da na koyi aiki, wani ɗaki a saman bene a Zoo Road cikin Kano, hanyar aikin guda ce: mawaƙi ya rera baiti ɗaya da amshi, ka lalubo masa salon kiɗa daga cikin waɗanda ke jibge a fiyanon PSR, ka daidaita gudu, ka bi shi da hannu, sauti ya bi waya ya shiga kwamfuta. In yatsa ya zame a minti na uku sai dai a koma farko, mawaƙi yana hararar ka. Shi ya sa da na ga samari a bidiyo suna dukan wasu 'yan madannan roba masu kusurwa huɗu, ganguna na tashi kamar saukar ruwa a kwano, na ƙudurta sai na mallaki irin abin. Na shiga adashi, da na kwasa na sayo wani ɗan ƙarami na hannu: madannan fiyano 25, fad takwas, wato madannan roban nan, da 'yan abubuwan murɗawa a gefe.

Na kawo shi situdiyo da yamma, na jona a kwamfuta, fitilu suka kama, na danna. Shiru. Na juya shi gaba da baya ina neman ramin da wayar sifika za ta shiga, babu. Nan na sha jinin jikina cewa mushe aka sayar mini. Maigidana yana kishingiɗe a kujera yana kallona, sai da ya bari na gama haɗa gumi sannan ya ce, "Kai yaro, ai bebe ka sayo. Ba ya magana, nuni yake yi. Sai ka samo masa mai yin magana a madadinsa."

Har yau ban ji bayanin MIDI, tsarin da kayan kiɗa na lantarki ke aika wa juna saƙo da shi, da ya kai wannan gajarta ba. Abin da ke bin wayar USB ɗin saƙo ne zalla. Ka danna madanni, kwantirola ya aika wa manhaja lambobi: a wane layi ne cikin layuka 16, wane madanni ne daga 0 zuwa 127, da wane ƙarfi aka buge shi, shi ma iyakarsa 127. Ka ɗaga yatsa, ya aika cewa an saki. Shi ke nan. Manhajar ce za ta ɗauki saƙon ta ba sarewa ko goge ko ganga, duk wanda ka ɗora a layin. Tsarin ma ya girme ni. A Janairun 1983 aka fara nuna shi a bainar jama'a a wani bajekolin kayan kiɗa a Kaliforniya, inda aka haɗa fiyano biyu na lantarki, Prophet-600 na kamfanin Dave Smith da Jupiter-6 na Roland, kamfanin Ikutaro Kakehashi na Japan, ɗaya ya danna ɗaya ya amsa. Yaren da suka yi magana da shi a ranar shi ne dai ɗan bebena yake yi da FL Studio, manhajar haɗa kiɗa da muke aiki da ita, a kan teburinmu.

Da sauti ya fito kuma sai wata ta taso. In danna yanzu, sautin ya iso kamar wanda ya tsaya gaisuwa a hanya. Jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba, amma ya isa ya hana ka bin kiɗa, don hannu na gaba kunne na baya. Mako guda ina zargin kwantirola, har na canza masa waya sau biyu. Ashe matsalar tana cikin saitin sauti na kwamfuta. Manhaja ba ta fitar da sauti ɗigo-ɗigo, tara shi take yi a wani ɗan ma'aji da ake kira bafa kafin ta miƙa wa sifika, kuma namu an bar shi a 2048. Lissafin mai sauƙi ne: sakan ɗaya yana da gutsattsarin sauti 44,100, don haka 2048 ya kama milisakan 46 ke nan. Na sauya direban sauti zuwa ASIO, na sauko da bafa zuwa 256, wato ƙasa da milisakan shida, sai ga sauti a bakin yatsa. Na yi zari na sauko zuwa 64, tsohuwar kwamfutarmu ta fara tatsatsa kamar ana suyar gyaɗa. Tun daga nan na riƙe al'ada ɗaya: ƙaramin bafa lokacin bugawa, babba lokacin haɗa sauti idan layuka sun yi yawa.

Daɗin abin ya fara bayyana ne da aikin farko na kuɗi, waƙar biki. Kuskuren yatsa ya daina zama musiba, sai ka buɗe allon da notocin ke jere kamar tubala, ka ja wanda ya karkace ka mayar da shi gurbinsa. Mai waƙar ta zo ɗora murya, muka tarar kiɗan ya yi mata sama, tana kai amshi muryar na tsinkewa. A da, wannan sake kiɗa ne tun daga tushe. Na ce mata, "Anti, ba ni minti ɗaya," ina ji da kaina. Na zaɓi komai da komai na sauke shi rabin mataki biyu, wato na rage biyu daga lambar kowane noto, na kunna. Abin da ya fito daga sifika ko a gidan maƙera ba a jin irinsa. Na manta cewa a layin ganguna kowace lamba kayan kiɗa ne dabam. A tsarin General MIDI, 36 babbar ganga ce, 38 ƙaramar ganga mai tsawa, 42 kuma ƙarfen nan mai cas-cas. Da na rage biyu, mai tsawa ta koma babbar ganga, mai cas-cas ya koma wata mai tsawa, ita kuwa babbar ta faɗa inda babu kowa. 'Yan rakiyar Anti suka tuntsire da dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lambobin nan sun sake kayar da ni a wani wurin. Takardar bayanin da na samu ta ce fad na farko yana aika noton da ake kira C1, na je na saita C1 a FL Studio, shiru. Lamba 36 da manhajojin Cubase da Ableton ke kira C1, FL Studio C3 yake kiranta. Yanzu lamba nake tambaya, ban damu da sunan ba.

Duk waɗannan darussan saiti ne, wanda ya zauna da abin wata biyu zai gano su. Wanda ya ɗauke ni shekara shi ne na hannu.

Kiɗana ya yi tsaf, ba kuskure ko ɗaya, amma mutane ba sa motsawa. Oga zai saurara ya ce, "Ya yi kyau," da irin muryar da ake yaba miyar da ba gishiri. Dalilan biyu ne, kuma duk ni na jawo su. Fad ɗin suna da tauri, in na buga a hankali ba sa amsawa yadda nake so, sai na kunna maɓallin da ke sa kowane bugu ya fita a 127. Sannan duk abin da na buga sai na bi shi da kwantayiz, wato in sa manhaja ta ja kowane bugu ta ɗora shi daidai kan layin awo. Sai ya zama na sayi na'urar da aikinta shi ne ɗaukar ƙarfin hannu da lokacinsa, na kuma goge duka biyun da kaina.

Wata rana wani ɗan kasuwa ya kawo aikin waƙar yabo ya ce lallai sai da kalangu na gaske. Oga ya aika aka ɗauko wani dattijo makaɗi, wanda ya ce tun yana yaro yake bin mahaifinsa kiɗan mahauta. Muka ɗauki nasa da makirfo, aka gama. Yana shan ruwa idonsa ya faɗa kan kwantirola yana walƙiya.

"Wannan kuma fa, ɗana?"

"Ganga ce, Baba. Ta zamani."

Ya miƙo hannu. Na ɗora masa sautin kalangu a fad uku, na kashe maɓallin nan na 127 don kawai in ga abin da zai faru, na danna ɗauka ba tare da na faɗa masa ba. Ya taɓa ɗaya, ya taɓa ɗaya, ya ɗan yamutsa fuska, sannan ya shiga bugawa da yatsu uku. Bai yi minti biyu ba ya ture abin ya ce roba ba ta da rai. Amma kafin ya ture, yaron da ke mana aike ya riga ya fara kaɗa kafaɗa a bakin ƙofa, abin da bai taɓa yi wa kiɗana ba.

Da dare bayan kowa ya watse na buɗe abin da ya buga. A ƙasan allon akwai 'yan sanduna da ke nuna ƙarfin kowane bugu. Nawa kullum a jere suke kai ɗaya kamar katangar makaranta. Na Baba kuwa wani 40, wani 112, wani 25 da ƙyar ake jin sa, kuma waɗannan ƙananan da na saba ɗauka a matsayin datti ina sharewa, su ne ke tura babban bugun gaba. Na gwada cire su, kiɗan ya zauna daɓas. Na mayar, ya miƙe.

Sai lokaci. Kusan babu bugunsa ɗaya da ya hau layi. Na yi abin da na saba, na buga masa kwantayiz, sai ga kiɗan yana ɗingishi. Na daɗe ina kallon allon kafin in gane: layukan da na bari a manhaja sun raba kowane taku gida huɗu, shi kuwa Baba uku-uku yake tafiya, kamar yadda yawancin kiɗanmu na gargajiya ke tafiya. Na sauya awon zuwa kashi uku, sai bugunsa ya matso kusa da layi, amma ko a nan bai hau daidai ba. Akwai bugu ɗaya da kullum yake jinkirta shi kaɗan, duk zagaye, a wuri guda. Kuskure ba ya maimaita kansa haka. Wannan jan da yake yi shi ne abin da ke kama ƙugu.

Na canza yadda nake aiki daga wannan daren. Na shiga saitin kwantirola na sassauta yadda fad ke karɓar bugu, don mai laushi ma ya shiga. Babbar ganga kaɗai nake ɗorawa daidai kan layi, ta zama turke, sauran in buga da hannu in bar su, ko in ja su rabin hanya kawai idan sun yi nisa. In bugu bai yi ba na fi son in sake shi sau goma da in gyara da linzamin kwamfuta. Kuma na fara atisaye kamar ɗan koyo, minti ashirin kowace safiya, fad biyu kacal, ina ƙoƙarin fitar da mai laushi da mai ƙarfi a lokacin da na ga dama. Wata uku aka yi kafin hannun hagu ya faɗa.

Na kuma gane cewa rage ƙarar sauti ɗaya ba ya mayar da shi bugu mai laushi, don fata tana canza murya gwargwadon yadda makaɗi ya sauka a kanta. Sai muka sake kiran Baba, muka ɗauki kowane bugu kala uku, na lallashi, na tsakiya da na ƙarfi. A cikin FPC, gangar FL Studio mai fad 16, ana iya jera sautuka a fad ɗaya a ba kowanne iyakarsa. Na ba na lallashi daga 1 zuwa 50, na tsakiya zuwa 95, na ƙarfi zuwa 127. Ranar da na gama wannan, Oga ya leƙo daga waje yana tambaya ko dattijon ya dawo ne.

Inda na tsaya cak shi ne maganar kalangu. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammata, sauti ya hau, ya sassauta ya sauko, da haka yake bin hawa da saukar harshen Hausa har ka ji ya kira sunan mutum da kirarinsa. Kwantirola yana da ɗan sanda na lanƙwasa sauti, kuma a nan MIDI bai yi rowa ba, matakai 16,384 ya ware masa maimakon 128. Yawanci an saita shi ya hau ko ya sauka rabin mataki biyu, na faɗaɗa shi. Ga ɗan ado a ƙarshen baiti yana yi. Amma da na ce sai ya faɗi kirari, abin da ya fito ya fi kama da kukan ɗan akuya. Lanƙwasa sautin da aka riga aka ɗauka yana ja ko matse shi gaba ɗaya ne, alhali a hammata fatar ce da kanta ke tsukewa tana kan rawa. Ra'ayina, kuma na san akwai abokan sana'a da ba su yarda ba, duk waƙar da kalangu zai yi magana a cikinta, a kira mai kalangu.

Ranar da muka ɗauki sautukan nan kala uku, da na kunna masa su ta fad, Baba ya yi shiru yana saurare. Can ya ce, "Wato ka kwashe hannuna ka zuba a akwati. Gobe ba sai ka neme ni ba ke nan."

Na rasa ta cewa, don gaskiya ya faɗa. Kuɗin zama ɗaya muka ba shi, sautin kuwa zai shiga waƙa ɗari. Na kai maganar wurin Oga, muka yi ta ja, daga ƙarshe muka tsaya a kan cewa duk aikin da na sa kalangunsa a ciki za a cire masa wani abu, kuma ba zan tura wa kowa fayil ɗin ba, ko da aboki ne. An roƙe ni ya fi sau goma.

Baba yakan biyo duk ƙarshen wata ya karɓa. Zuwansa na baya-bayan nan da jikansa ya zo, ɗan shekara kamar goma sha biyu, wanda ya ce ya fara riƙe masa kuntuku a wurin biki. Ya nuna kwantirola da haɓa ya ce, "Ɗana, kunna masa beben nan naka ya taɓa." Yaron ya zauna, na danna ɗauka, na duba na tabbatar maɓallin 127 a kashe yake.