Talata: wuni guda da ƙwayar mashaƙo

Samfuran mashaƙo ne suka cinye min wunin yau. Tun jiya da la'asar 'yan ɗakin gwaji suka ɗora su a kan MinION, 'yar na'urar nan ta Oxford Nanopore da ke shiga aljihu, ta kwana tana karanta DNA. Ni dai ba na taɓa kwalba, ba na sa safar hannu. Nawa aikin yana farawa ne idan fayil ya iso kwamfuta.

Da safe na tace bayanan, na zubar da gutsattsarin da ba su karantu da kyau ba, sannan na harhaɗa sauran. Bakteriyar da ke jawo mashaƙo, Corynebacterium diphtheriae, tana da haruffan DNA kusan miliyan 2 da rabi, kuma a yayyanke suke zuwa. Kafin komai sai na tabbatar ita ce ɗin, domin tana da dangi a maƙogwaron mutum da ba sa cutar da kowa.

Daga nan na nemi ƙwayar halittar da ake kira tox. Ita ke haɗa dafin da ke shimfiɗa fatar nan mai launin toka a maƙogwaron yaro har numfashi ya gagara, ya kuma taɓa zuciya da jijiyoyi. Abin da har yau yake ba ni mamaki, wani bairos ne ya shiga jikin bakteriyar ya bar mata ita. Amma ganinta a kwamfuta bai wadatar ba, sai wani gwaji na ɗakin gwaji da ake kira Elek ya nuna lallai ana fitar da dafin. Na kuma duba ƙwayoyin halittar ermX da pbp2m, masu sa magungunan eritromaisin da fenisilin su kasa aiki, tunda da su likitoci suka dogara bayan allurar karya dafi.

Bayan azahar na zana bishiyar dangantaka, wato zanen da ke nuna kusancin ƙwayoyin cutar da juna, na kwatanta samfuranmu da waɗanda ke rumbun bayanai na Cibiyar Pasteur da ke Paris. A nan na tsaya cak. Tun ƙarshen 2022 cutar nan ta ɓarke a Najeriya, Kano ta fi kowa jin jiki, ga Yobe da Katsina da Bauchi, a 2023 kuma ta bayyana a jihar Damagaram ta Nijar. Tambayar da masu sa ido kan cututtuka ke yi mana ita ce: tsatso ɗaya ne ke yawo, ko kuwa daban-daban? Bishiyar ta nuna min samfuran da suke 'yan uwan juna, amma takardun da suka rako su da yawa babu ranar ɗauka, babu ƙaramar hukuma, babu ko yaron ya yi rigakafi. In babu rana da wuri, ta ina zan san wa ya riga wa kamuwa?

Na kira jami'ar da ta aiko su. Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri da ni, takardun nan akwai gurabe."

Ta ce, "Malam, ranar ni kaɗai ce a ɗakin, yara na ta shigowa. Bari in ɗauko rajista."

Ta zauna ta karanto min ɗaya bayan ɗaya, ina cikewa. Wallahi ban ga laifinta ba. Takarda mai shafi biyu a hannun mai riƙe da yaron da ke fama da numfashi ta yi yawa, kuma mu da muke neman bayanan ya kamata mu sauƙaƙa ta.

Da gurbin rigakafi ya cika, yawancinsu "bai yi ba" aka rubuta. Allurar fenta, wadda rigakafin mashaƙo ke cikinta, kyauta ce a asibitin gwamnati, sati 6 da 10 da 14 bayan haihuwa. Wannan ya tsaya min a rai fiye da duk abin da na gani a allon yau.

Kafin magariba na tura rahoto. Gobe in Allah ya kai mu zan kai wa shugabar sashenmu shawarar a mayar da takardar shafi ɗaya, tambayoyi biyar kacal, a kuma rubuta ta da Hausa.