Uwargida da Amarya: abin da na koya a ɗakin ɓerayen Masar

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na miƙa makullin ɗakin dabbobi, bayan shekara uku a gonar nan ta hanyar Batsari. Waɗanda muka yi aiki tare sun san wurin, ba sai na tsaya lissafa shara da yankan ciyawa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar ɓerayen Masar mata biyun nan da aka zare kuɗinsu daga albashina.

Cikin watan Afrilu ne, ranar Katsina na dukan kwano kamar za ta huda shi. Manaja ya sayo zomaye, keji ya yi kaɗan, sai ya ce in haɗa matan ɓerayen wuri guda. Na ce, "Yallaɓai, kejin bai kai ba." Ya ce, "Mata ne fa, maza ke faɗa. In ma sun yi, ai kishi kumallon mata ne, za su gaji su bari." Na ɗauko wata 'yar budurwa mai jan baya, na jefa ta kejin wata babba da ta shekara biyu ita kaɗai a ciki. Yaran gona suka sa musu Uwargida da Amarya.

Ba a jima ba Uwargida ta fara gurnani ƙasa-ƙasa, tana tafiya tana karkaɗa ƙugu, ta ɗaga haɓa, ta haye bayan Amarya. Amarya sai ihu. Tausayi ya kama ni, na raba su. Washegari na mayar, suka sake, na sake rabawa. Kusan mako biyu ina wannan, wai ni a dole ina sulhu. Ashe ni ke ɓata lamarin. Ɓeran Masar dabbar garke ce, asalinta tsaunukan Andes na Kudancin Amurka, Masar ɗin nan mu muka laƙaba mata. Duk inda biyu suka haɗu sai sun tantance babba. Gurnani da hawan baya da 'yar kora, har fitsarin da mace kan tsirta wa mai binta a baya, duk cikin tantancewar ne. Kullum na raba su sai shari'ar ta koma farko.

Faɗan gaske daban yake, ranar da ya zo na gane shi. Haƙora na kaɗawa ƙas-ƙas-ƙas, gashin wuya ya miƙe, kowacce na hamma tana nuna haƙori. Maɓuya ɗaya ce a kejin, wata fasasshiyar tukunya mai baki ɗaya. Amarya ta shige, Uwargida ta tare ƙofa, sai kawai suka dunƙule. Na cusa hannu, na sha cizo a yatsa har jini. Amarya ta fito da rauni a gadon baya, Uwargida kunne a yage.

Bayan kwana kaɗan raunin Amarya ya zama ƙurji. Na roƙi a kira likitan dabbobi. Manaja ya yi dariya ya ce, "Likita a kan ɓera?" Ya jawo durowa ya miƙo mini Ampiclox. A nan nawa laifin yake, ba zan ɓoye ba: da difloma ta a kan lafiyar dabbobi, na fasa kafson nan na dama da ruwa na ɗura wa duka biyun, ban buɗe littafi ba, ban kira kowa ba. Suka daina cin abinci, zawo ya biyo baya, kafin mako ya zagayo babu ko ɗaya. Likitan da ya zo duba awaki ne ya gaya mini cewa magani dangin fenisilin, irin su Ampiclox, guba ne ga ɓeran Masar, yana kashe ƙwayoyin cikin hanji masu amfani, miyagun su samu fili. Ya feɗe Uwargida ya nuna mini ƙululu mai ruwa a gidan ƙwanta. Ya ce matan da suka manyanta suna yawan samunsa, yana zubar musu da gashin kwiɓi biyu, yana sa su zafin rai. Gashin nan na ga yana zuba tun tuni, na ɗauka zafi ne.

Ƙarshen wata manaja ya ce, "Malam, kai ne mai difloma." Bai tuna keji ba, bai tuna durowarsa ba. Laifi tudu ne.

Daga baya na sake tsarin ɗakin ba tare da na nemi izini ba. Sabuwa ba ta shiga kejin tsohuwa kai tsaye, sai su fara haɗuwa a filin da babu warin kowa, da tulin ciyawa a tsakiya, a wanke kejin tas kafin su koma. Biyu ba sa zama a abin da bai kai santimita 120 da 60 ba. Maɓuya biyu, kowacce ƙofa biyu, kwano biyu, mashaya biyu. Mace kan shiga lokacin neman namiji kusan duk bayan kwana 16, hayaniyar ranar ba ta ɗaga mini hankali. In jini ya fita kuwa an rabu ke nan, waya a tsakani, suna ganin juna. Ɗanyen ganye kullum, don jikinsu ba ya haɗa bitamin C da kansa. Da bazara, jiƙaƙƙen buhu a kan keji.

Mata takwas na bari a shinge ɗaya, shekara guda da rabi ba a ga ɗigon jini ba. In ɗalibai sun zo sayen na gwaji, manaja ne kan zagaya da su yana cewa, "Haka muke tsara su a nan."

Yaron da zai gaje ni na nuna masa tabon yatsana, na ce ya riƙa ajiye tsohon tawul kusa da keji, in sun dunƙule ya jefa musu. Kuɗin ɓera biyun nan kuwa har na fito ba a mayar mini ba, ni ma ban tambaya ba.