Ledar magungunan Baba

Shekara biyu ke nan Baba yana kwance a gidanmu da ke Mabera, tun da hawan jini ya shanye masa ɓarin jikinsa na dama. A Sakkwato ba mu saba kai tsofaffinmu gidajen kula da gajiyayyu ba. Doguwar jinya a tsakar gida ake yin ta, 'ya'ya da jikoki su ne ma'aikatanta. A cikin duk hidimar nan, dare ne ya fi ba mu wuya. Da an idar da sallar isha'i sai idon Baba ya bushe, ya yi ta neman a miƙo masa robar fitsari, wani lokaci har sau biyar kafin kiran assalatu, sannan ya wuni yana gyangyaɗi.

Da abin ya ishe mu, na sayo masa Valium a wani kemis, aka ba ni ba tare da an nemi takardar likita ba. Da farko ya sami barci, muka yi murna. Ba a jima ba sai ya fara wayar gari a ruɗe, har ranar da ya kasa gane jikarsa, ya yunƙura zai tashi ya zame daga bakin gado.

Wata ma'aikaciyar haɗa magunguna ce ta ceto mu a ranar da na je karɓar maganin wata. Da ta ji bayanina sai ta ce, "Malam, gobe ka zo mini da duk abin da Baba yake sha, har da na gargajiya, kada ka bar ko ɗaya a gida." Washegari ta zazzage ledar a kan tebur, tana ɗaga kowace ƙwaya tana tambayar ƙarfe nawa muke ba shi. Nan ta gano cewa furosemide, maganin da ke fitar da ruwa daga jiki, da daddare muke haɗa masa shi da sauran don sauƙin tunawa, alhali da safe ake so a sha shi domin fitsarin ya ƙare da rana. Ta tambayi goro, na ce ba ya rabuwa da shi har bayan magariba, ga shayi a kai. Ta ce sinadarin kafeyin da ke cikinsu yakan ɗauki kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki.

A kan Valium ɗin ta fi daɗewa. Ta bayyana mini cewa diazepam, wato ainihin sunan maganin da ake kira Valium, yakan yi kwanaki a jikin tsoho kafin ya fita, saboda haka na yau yana hawa kan na jiya, ya jawo ruɗewa da faɗuwa. Ta hana ni komawa ga Piriton, maganin mura da ƙaiƙayi mai sa barci, wanda mutane da yawa ke ɗauka ba shi da illa, domin shi ma yana rikita tsofaffi, yana kuma iya riƙe wa namiji fitsari. Ta tambaye ni ko Baba yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa ya ɗauke ya dawo, domin maganin barci yana tsananta wannan larura. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta canza komai da kanta ba: ta rubuta wa likitansa takarda, ta kuma gargaɗe ni kada in yanke diazepam farat ɗaya, sai dai a rage shi sannu a hankali.

Likita ya amince, muka mayar da furosemide safe, goro ya tsaya a azahar, muka riƙa fito da Baba ya sha hantsi a ƙofar ɗaki. Yanzu yakan tashi sau ɗaya, wani daren sau biyu, sai dai a watan Afrilu da zafi kan haura digiri 40, wanda sai mun shimfiɗa masa katifa a tsakar gida cikin gidan sauro kafin ya runtsa.