Sau biyu ina ajiye maganin damuwata da kaina

Ƙannena, lokacin da likita ya rubuta mini maganin damuwa mai suna sertraline na riga na shafe watanni ba na runtsawa sai gab da asuba, abinci kuwa sai Inna ta zauna a gabana kafin in kai loma uku. Na sha maganin kwana goma, ban ga komai ba sai tashin zuciya da ciwon kai. Na cusa kwalin ƙarƙashin katifa.

Rashin sani ne ya ja mini. Sertraline da fluoxetine da escitalopram da paroxetine duk 'yan gida ɗaya ne, ana kiransu SSRI. A ƙwaƙwalwa, jijiya kan saki wani sinadari mai suna serotonin don isar da saƙo ga maƙwabciyarta, sannan ta tsotse abinta. Maganin yana toshe hanyar tsotsewar, sai sinadarin ya daɗe a tsakaninsu. Toshewar ba ta ɗaukar lokaci, amma kafin mutum ya ji sauƙi a ransa sai an yi mako 4 zuwa 6. Tashin zuciyar da ya kore ni kuwa yakan lafa cikin mako ɗaya ko biyu.

Na koma asibiti, na sake farawa. Bayan wata uku barci ya dawo, har na soma fita majalisa. Wata rana wani abokina ya ga kwalin, ya ce, "Kai ma ƙwaya kake sha?" Maganar ta soke ni, na daina a daren. Kwana uku tsakani jiri ya kama ni, in na juya ido sai in ji kamar lantarki ya ja ni a cikin kai. Da makonni suka ja, damuwar ta dawo.

Likita ya ce ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an warware, kuma da kaɗan-kaɗan ake rage shi, shi ma da saninsa.

Don Allah kada ku haɗa shi da tramadol. Shi ma yana ƙara serotonin, haɗuwarsu na iya kawo zazzaɓi mai zafi da karkarwa da ruɗewa, har ta kai ga rasa rai. Wanda bai kai shekara 25 ba kuma, idan tunanin cutar da kansa ya taso masa a makonnin farko, ya gaya wa wani a gida, a koma wurin likita a ranar.