Godiya bayan kwana 11 a gadon asibiti

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, jiya bayan la'asar aka sallame ni. Har yanzu daga ɗaki zuwa banɗaki sai na tsaya na huta, amma an cire mini robar iska daga hanci, ina numfashi da kaina. Kun san yadda aka yi tun ranar da aka ɗebi ƙwaina don a yi mini dashen ciki a asibiti, har ruwa ya taru a cikina aka kwantar da ni, ba ni da ƙarfin maimaitawa.

Dare ɗaya ne ya ƙi barin raina, dare na uku. Ciki ya yi tamtsam kamar na wata bakwai, kwanciya ta gagara, fitsari ya kusan ɗaukewa. Wata baiwar Allah da ke jinyar 'yarta a gadon kusa ta dube ni da zuciya ɗaya ta ce, "Allah ya sauke ki lafiya." Shekara tara ina roƙon Allah in ga cikina ya tasa, ga shi ya tasa da ruwa. Na juya wa bango fuska na yi ta kuka, don a raina na gama yarda cewa ko dai sammu ne, ko ni na jawo wa kaina.

A haka likitar dare ta same ni. Yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta zauna bakin gado, ta ɗauki biro ta yi mini zane a bayan takarda. Ta ce, "Yaya, ba wanda ya yi miki komai." A wata, ƙwai ɗaya mace take nunarwa. Alluran FSH da na sha don dashe suna sa da yawa su nuna tare, ni kuwa da ke da ciwon gidan ƙwai da ake kira PCOS, gidan ƙwaina cike yake da 'yan jakunkuna masu jira, sai suka amsa gaba ɗaya, shi ya sa aka ɗebi 26. Sai allurar ƙarshe ta hCG, wadda ake yi kamar awa 36 kafin ɗiba. Ita ta sa waɗannan jakunkuna suka yi ta zubo wani sinadari, VEGF, mai sassauta bangon jijiyoyin jini. Ta ce in tuna sabuwar randa, yadda take tsattsafo. Haka ruwan jikina ya riƙa fita daga jijiya yana taruwa a ciki har ya danne huhu, jinin da ya rage ya yi kauri, ƙoda ta rasa abin tacewa. Shi ya sa ga ciki cike da ruwa, ga ƙishi na kashe ni, ga allurar tsinka jini kullum don kada ya daskare. Sunan abin OHSS, wato gidan ƙwai ya amsa alluran fiye da kima.

Ta kuma gaya mini dalilin da aka ƙi mayar mini da dashen yanzu aka ajiye shi a ƙanƙara, abin da ya fi komai ƙona mini rai. Ashe hCG ɗin nan shi ne sinadarin da ciki ke fitarwa da kansa, da ya kama a lokacin, da an ƙara wa wuta fetur. Wallahi daren nan na yi barci a zaune, na farko cikin kwana uku. Likita, Allah ya jiƙan mahaifa, ya ba ki 'ya'ya masu jin ƙanki.

Na san ba a saba mace ta yabi maigidanta a bainar jama'a ba, a yi mini afuwa. Shi ke riƙe da littafin da ake rubuta abin da na sha da abin da na fitar, bai taɓa yamutsa fuska ba. Ranar da aka zuƙe lita biyu daga cikina, hannunsa na riƙe. Goggo, da ƙafarki mai ciwo kika kwana bakwai a tabarma. Abokiyar zamana, ke kika riƙa aiko da kunu da farfesu safe da yamma, kika hana a tsegunta maganata a unguwa. Allah ya suturta ku duniya da lahira, ya kai ku ɗakinsa, ya sa ku gama da duniya lafiya, ya tsare zuri'arku daga irin wannan dare.

Waɗanda ba su samu zuwa ba, na san kowa da uzurinsa. Maganar da aka aiko mini dai ta iso, cewa garaje na yi. Ta yi mini zafi, ina kan gado.

Masu son zuwa dubiya, don Allah bayan la'asar, da safe barci nake yi. Ku sa ni a addu'a, ranar Alhamis zan koma a sake duba gidan ƙwan, an ce bai gama sacewa ba.